Ɗan kyanwar da yaro ya tsinto

A Faransa, tun 1845 ƙungiyar SPA ke kare dabbobi. A unguwarmu a Tawa kuwa, yara ne ke wannan aikin: a taso daga lakwal, sai ga ɗan kyanwa ko kwikwiyo a hannu. Iyaye da yawa da duka suke tarbarsu. Ni kam na bar ɗiyata ta riƙe nata, bisa sharaɗi: ruwa da abinci aikinta ne, kai shi allurar ciwon hauka wajen likitan dabbobi kuma nawa. Malamai, ku gaya wa yara: in dabba ta cije su ko ta yakushe su, kada su ɓoye don tsoron duka. A wanke wurin da sabulu minti 15, a tafi asibiti a ranar.