Lissafin Gida: A Ka, A Waya, Ko A Littafi?

A ƙasar Cadakori, cikin gundumar Gidan Rumji, akwai wani magidanci mai ciyar da baki tara. Yana noman hatsi da wake da gyaɗa, yana da ƴan awaki. Tun tasowarsa, lissafinsa a ka yake.

Kakar 2023 ya cika rumbu. Aka yi suna, ya ɗebo dami. Lanho ya zo, ya ɗebo dami. Kowace ranar kasuwa tiya biyu ko uku su fita, kuɗin goro da cefane. Daminar 2024, tun ba a gama noman fari ba, ya leƙa rumbu ya ga ƙasa. Hatsin da ya sayar da arha, shi ya koma saye da tsada. Ya bar gonarsa ya tafi barema, ciyawa ta ci rabinta. Bai manta yunwar 2005 da ta taɓa jihar Maraɗi ba, don haka hankalinsa ya tashi ƙwarai.

Babban ɗansa ya dawo cin rani da babbar waya. Ya ce: "Baba, akwai manhajar lissafi a nan. Abin da ya shigo da abin da ya fita, duk tana riƙewa." Uban ya ce: "To, mu gwada."

Ba su yi wata biyu ba matsala ta bayyana. Ta farko, manhajar da Faransanci take, sai yaron na kusa. Ta biyu, a kasuwa da dala ake ƙirga, waya kuwa tamma ta sani. Dala ɗaya tamma 5 ce. Uban ya ce ya kashe dala 200, yaron ya rubuta 200, alhali jika guda ce, tamma 1000. Ta uku ita ce babba: babu gurbin dami, babu gurbin tiya. Dukiyar manomi kuwa tana cikin rumbu kafin ta zama kuɗi. Ga caji sai an biya. Da aka gama girbi, yaron ya koma Maraɗi, waya ta bi shi, lissafi ya bi waya.

Uwargida ce ta kawo dabara. Tana cikin ƙungiyar asusu irin ta Mata Masu Dubara, wadda ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991. Ta ce: "Maigida, mu kowane mako muke zubi. Ana ƙirga kuɗin a gaban kowa, kowace mace ta san abin da ke cikin akwati. Kai ma ka yi karatun yaƙi da jahilci. Me zai hana ka rubuta da hannunka?"

Ya sayi littafi irin na ƴan makaranta. Ya raba shi biyu, gaba na rumbu, baya na aljihu. Ya sa aka sussuke dami guda, aka auna, ya ba da tiya 5. Damin da ya samu 130 ne, wato tiya 650. Gidansa na cin tiya 2 kullum, tiya 60 a wata, tiya 720 a shekara. Nan take ya ga giɓin tiya 70, ga iri ma bai cire ba. Ashe ba shi da hatsin sayarwa ko tiya ɗaya.

Sai ya sayar da wake da ɗan akuya, ya sayi buhu biyu tun hatsi na da sauƙi, kowane buhu tiya 40. Lanho da kuɗin magani ya ɗora su kan gyaɗa. Duk daren kasuwa yana zama da fitila ya rubuta abin da ya fita, da dala, yadda bakinsa ya saba. In tarawa ta yi yawa, ya danna lissafi a ƙaramar wayarsa, ya mayar da amsar cikin littafi. Daminar 2025 bai je barema ba. Hatsinsa ya kai shi har tumu ya nuna.

Manoma da makiyaya, waya ba ta da laifi. Mai shago a Agye ko mai sayen aya a Gazawa, wanda ke juya kuɗi kullum kuma ya iya karanta ta, tana yi masa amfani. Amma kafin mutum ya zaɓi abin lissafi, ya tambayi kansa: zan iya karanta shi ba tare da wani ba? Zai kwana a gidana rani da damina? Zai ƙirga dami da tiya da bisashe, ko kuɗi kaɗai ya sani? Wanda ya cika waɗannan, shi ne naka. Ranar da za a rufe rumbu, ranar ce ta buɗe littafi.