Abin da Tudu Ya Ɓoye

Faɗin ƙasa kaɗai ba ya riƙe ɗan wasa. Akwai wasannin bidiyo masu girman fili, amma da an buɗe taswira sai a tarar an cika ta da alamomi: je can, ɗauko wancan, kai wa wane. Ma'aikacin da ya wuni yana bin umarni a ofis ya dawo gida ya iske wani maigidan a allon talabijin.

Kamfanin Nintendo na Japan ya bi wata hanya dabam a wasan The Legend of Zelda: Breath of the Wild, wanda ya fito a Maris 2017 bisa jagorancin Hidemaro Fujibayashi. Masu tsara ƙasar Hyrule sun dogara da siffar dala: tudu ya tare ido, dole ɗan wasa ya hau ko ya kewaya. Kowanne ya zaɓa, abin da ke baya zai bayyana sannu a hankali, kuma kafin ya isa gare shi wani abin ya sake jan hankalinsa. A irin waɗannan lunguna aka warwatsa ɗakunan gwaji 120.

Sannan ƙasar tana da ƙa'idojin da ba ta saɓawa. Ruwan sama yana sa dutse santsi, takobin ƙarfe yana jawo aradu, ciyawa in ta kama wuta zafinta yakan ɗaga mai lema sama. Wanda ya lura da haka zai ƙirƙiro dabarar da ba a koya masa ba.

Abin da ke hana mutum ajiye wasan ke nan: an yarda da hankalinsa. Tafiya mabuɗin ilimi ce, muddin matafiyi ne ya zaɓi hanya.