Inda Ake Girgiza Bene da Gangan

Abokina, na san labarin jiragen ƙasan Japan masu gudun tsiya kake jira. Ka yi haƙuri, wani abu daban ne ya ɗauke mini hankali.

Daga filin jirgin saman Kansai na nufi Uji, wani gari a gefen Kyoto, inda Jami'ar Kyoto ke da cibiyar binciken kariya daga bala'o'i wadda aka kafa a 1951. Ni da ƙasa ba ta taɓa motsi a ƙarƙashin ƙafata ba, duk tsammanina malamai zan tarar cikin tarin littattafai. Sai ga ɗalibai da hular kwano suna matse ginshiƙin kankare da inji har ya tsage, suna bin kowace tsaga suna yi mata alama. Na ce wannan ɓarna fa? Wani daga cikinsu ya yi dariya, ya ce ai a nan suke so ya karye, ba a kan mutane ba. Ya bayyana mini cewa kowane gini da irin kaɗawarsa, gajere da sauri, dogo a hankali. Idan girgizar ta zo daidai da wannan kaɗawa, sai ta zama kamar yaro a kan lilo ana tura shi a kan kari, kowane turi na ƙara masa nisa.

Daga nan sai Kobe. Garin tsaf, ba za ka ce nan ne ƙasa ta girgiza da asubahin 17 ga Janairun 1995 ba, mutum sama da 6,000 suka rasu, da yawansu a ƙarƙashin tsofaffin gidajen katako masu nauyin rufi. Babbar hanyar sama ta Hanshin ma kwanciya ta yi a gefe. Gine-ginen da aka yi bayan an tsaurara dokar gini a 1981 su suka fi tsira.

Wannan masifa ce ta haifi abin da na je gani a Miki, arewa maso yamma da Kobe. Suna kiransa E-Defense, an buɗe shi a 2005. Faranti ne na ƙarfe, mita 20 a tsawo, 15 a faɗi, yana ɗaukar tan 1,200. A gina bene na gaske a ɗora masa, a zuba kujeru da gadaje, sannan injuna su maimaita girgizar Kobe kamar yadda na'urori suka naɗe ta. A 2009 masu bincike daga jami'o'in Amurka sun gina bene hawa bakwai, akasarinsa katako, aka jijjiga shi bai faɗi ba. Ranar da na je babu gwaji, bidiyo aka nuna mana, amma duk da haka sai da na riƙe kujera.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ginin da ake ɗorawa a kan dungun roba da aka jera da farantan ƙarfe. Ƙasa na fizga, shi kuwa yana zamewa a hankali. Mu a gida kaurin bulo da yawan rodi muke yabo, ginin da ya motsa kuwa mun yanke masa hukunci. Su nan so suke ya lanƙwasa, ya ma tsage, muddin mutane za su fita da ransu.

Kafin ka ce ina ruwanmu, tuna yadda mazauna Mpape a Abuja suka fito waje a firgice da ƙasa ta motsa a Satumban 2018. In za ka ɗora bene a gidan nan naka, nemi injiniya.