Ramin da ba kowa a cikinsa

Da aka raba mana takardun SIWES bayan mun gama ND I, yawancin 'yan ajinmu Kano da Kaduna suka nufa, masu hanya kuma har Abuja. Ni aljihuna bai kai can ba. Na samu gurbi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Funtuwa, ina kwana gidan kawuna, ranar Lahadi in leƙa gida can wajen Malumfashi. Abokaina suka yi ta tsokanata wai an tura ni auna masara a kasuwar Dandume. Ban ja da su ba, don ni ma abin da na sa rai ke nan: share ƙura da tayar da janareto.

Tun 2015 da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, yaron da bai taɓa riƙe linzami ba ya shiga uku, ko da shi ne zakaran ajinsu. Shi ya sa cibiyarmu ke shirya jarrabawar gwaji duk Asabar. Yara kan zo daga Bakori, Danja, Kafur da ƙauyukan da ke tsakani, wasu a bayan mashin su uku. Tambayoyin duka suna kan wata tsohuwar saba mai Ubuntu da ke wani ɗan ɗaki a bayan zauren, kuma kowace kwamfuta daga wurinta take ɗebo tambaya, wurinta take mayar da amsa.

Wata Asabar a watan Maris na 2024, ana cikin azumi, zafi kamar ya kashe mutum, yara sun fi ɗari a zaune, sai kawai komai ya tsaya cak. Mai danna gaba ya danna, shiru. Oga ya ce wuta ce, ba wuta ba ce. Ya ce a kashe saba a kunna, aka yi, shiru. Muka bi suwic ɗaya bayan ɗaya, fitilu na ta ƙyafta ido kamar ba abin da ya faru. Sai da muka ci kusan minti arba'in kafin na duƙa bayan sabar na ga abin: ɗan haƙorin robar da ke riƙe kan kebul a raminsa ya karye tuni, mai shara ya ɗan ja teburin da safe, kebul ɗin yana zame wa a hankali har ya rabu da ƙarfen. A ido yana ciki. Wallahi kayan da bai kai kuɗin kofin kunu ba.

Abin da ya tsaya mini a rai wata yarinya ce daga wajen Danja. Da aka ce a dawo wata Asabar, ba ta yi hayaniya irin ta sauran ba. Ta zo ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Don Allah Malam, ba yadda za a yi in ƙarasa yau? Baba tiya biyu ya sayar ya ba ni kuɗin mota." Ban san me zan ce mata ba. Ni ma na san yadda ake buɗe buhu kafin lokacinsa.

Da nake sa sabon kai a kebul ɗin ne na lura akwai rami na biyu a gefen na farko, ƙura ta toshe bakinsa. Sabar tana da katin netwok mai baki biyu tun daga kamfani, ba wanda ya taɓa waiwayar ɗayan. A aji an taɓa ambata mana haɗa baki biyu su zama ɗaya, abin da ake kira bondin, amma a allo ne, layi uku, muka haddace muka amayar ranar jarrabawa. Na je na samu Oga.

"Yallaɓai, in ka ba ni izini akwai abin da nake so in gwada."

"Kai ɗan IT, in ka kashe mini saba, da me za ka biya?"

Ya dai yarda, da sharaɗin sai ranar da ba yara.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Linux na ƙirƙiro baki na ƙarya, bond0, sai ka ɗauke adireshin IP daga bakin gaske ka ɗora masa, ka sa baki biyun nan a ƙarƙashinsa. Kwamfutocin zaure ba su san komai ba, adireshi ɗaya suke gani. Akwai salo bakwai na bondin, daga 0 zuwa 6. Wanda kowa ke yabo a intanet shi ne na 4, mai bin ƙa'idar 802.3ad, don yana amfani da wayoyin biyu lokaci guda, amma sai suwic ɗin ya iya yaren, namu kuwa irin masu arhar nan ne da ba a saita musu komai. Sai na ɗauki na 1, active-backup: ɗaya na aiki, ɗaya na zaune yana jira. Na sa a riƙa duba lafiyar layin duk bayan milisakan 100, wato sau goma a daƙiƙa ɗaya. Da zarar na farko ya mutu, na biyu ya karɓa, sabar ta aika sanarwar ARP don suwic ya san ta sauya ƙofa.

A takarda ke nan. A aikace sau biyu na ji kunya.

Na farko, daga wata kwamfutar zaure na shiga sabar ta SSH ina gyara fayil ɗin netplan. Na san akwai umarnin netplan try, wanda ke mayar da tsohon saiti bayan daƙiƙa 120 in ba ka tabbatar ba, to amma ya ƙi, ya ce ba ya iya mayar da irin wannan saitin na bondin. Na ce ba komai, na buga netplan apply. Allon ya daskare. Ashe na juya lambobi biyu a adireshin, na sare reshen da nake zaune a kai. Haka na ciccibi allo da kibod na kai ɗakin saba ina zufa, ina addu'a kar Oga ya shigo. Wanda zai taɓa saitin netwok, ya zauna gaban injin da kansa, ko ya tabbata yana da ƙafar zuwa wurin.

Na biyun ya fi muni, kuma Baba ne ya jawo shi ba da saninsa ba. Ranar Lahadi ina ba shi labari, na ce kamar injin ban-ruwansa biyu ne a fadama, in sabo ya ƙi a tayar da tsoho. Ya saurara, sannan ya ce, "To in rijiyar ce ta ƙafe fa?" Na yi shiru, don kuwa wayoyin nan biyu a suwic ɗaya na cusa su. In shi ya ƙone, bondin ɗina ya zama ado. Litinin na raba su, ɗaya a suwic na dama, ɗaya a na hagu, da kebul guda da ke haɗa suwic ɗin biyu tun asali. Wannan daidai ne. Sai zaƙewa ta kama ni, na ce ai shi ma mahaɗin nan ya kamata a yi masa na biyu. Ina cusawa fitilu suka haukace, duk zauren ya mutu. Suwic marar wayo bai san ya toshe hanya ɗaya ba, saƙo sai ya yi ta zagaye tsakaninsu yana ninkuwa har ya cika layin. Na zare da sauri. Wannan kam ban faɗa wa Oga ba sai yau da zai karanta.

Ranar gwaji na kunna ping daga zaure, na ce Oga ya zare kebul ɗin da hannunsa. Ya dube ni, ya zare. Amsa ɗaya ta faɗi, sauran suka ci gaba da zuba. Ya mayar, ya zare ɗayan, ko gezau. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Kamar ma ransa bai so abin ya zo da sauƙi haka ba.

Kar in cika baki: in suwic ɗaya ya mutu, rabin zauren da ke kansa ya tafi, rabi ne zai tsira. Kuma duban nan na milisakan 100 iyakarsa ya ga ko akwai rai a wayar da ke jikin sabar, bai san abin da ke faruwa gaba da suwic ba. Janareto kuma har gobe guda ɗaya ne.

Bayan sallah da kamar sati biyu, wata Litinin, na buɗe fayil ɗin /proc/net/bonding/bond0 don in kwafi wani abu in sa a littafin rahotona. Sai na ga baki na biyu ne ke aiki, na farko an rubuta masa down. Na duba tarihin sabar: tun ranar Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintuna, ana tsakiyar gwaji, zaure cike. Na bi wayar da hannu har inda ta bi ta bayan kabad, na tarar ɓera ya gwaguye ta. Ba wanda ya ji, ba wanda ya ɗaga kai. Murna ta kama ni, sai kuma gabana ya faɗi, don kwana biyu ke nan muna tafiya a kan waya ɗaya kamar da, kuma da ban buɗe fayil ɗin ba haka za mu kai wata Asabar. Na sauya wayar, na rubuta a takarda na manna a ƙofar ɗakin cewa duk wanda ya buɗe da safe ya duba layin nan kafin ya kunna fanka.

Da malamin da ke duba mu ya zo daga makaranta, ya buɗe littafina ya ga shafin ranar. Ya ce, "To me ya faru a zauren?" Na ce, "Ba abin da ya faru, Malam." Ya ɗan dube ni ta saman tabarau, ya sa hannu. Yarinyar nan ta Danja kuwa ban sake ganinta ba, na duba rajistar Asabar uku a jere babu sunanta.