Tsimin Mutuwa-Da-Rai: Ina Makarinsa?

Mai karatu, in kana cikin waɗanda suka karanta littattafan Harry Potter ko suka kalli finafinansa, na san ba za ka manta da ranar da Harry ya kayar da Hermione a aji ba, domin ba kullum ake ganin haka ba. Yarinyar da ta haddace kowane littafi, ga ta tana haɗa gumi a kan tukunya, shi kuwa gogan naka da bai taɓa yin abin a zo a gani ba a darasin haɗa tsimi, shi ne ya cinye gasar. Shekaru da yawa ina jin daɗin wannan wuri saboda dariyar da ke cikinsa. Yanzu kuwa in na zo kansa sai jikina ya yi sanyi. Bari in ba ka labarin dalili.

Ga wanda bai san zancen ba, abin ya faru ne a littafi na shida, Harry Potter and the Half-Blood Prince, wanda J.K. Rowling ta fitar a watan Yulin 2005, aka kuma mayar da shi fim a 2009 a ƙarƙashin darakta David Yates. Sabon malamin haɗa tsimi, Farfesa Slughorn, wanda Jim Broadbent ya fito a matsayinsa, ya sa wa ɗalibai gasa a ranar farko. Kowa ya haɗa wani maganin barci mai tsananin ƙarfi, wanda a Turance suke kira Draught of Living Death, ni kuwa na raɗa masa Tsimin Mutuwa-Da-Rai. Duk wanda ya sha shi zai kwanta kamar gawa alhali da sauran numfashinsa. Wanda nasa ya fi kyau zai samu 'yar kwalbar tsimin sa'a, wadda a littafin aka ce tana ba mutum sa'a ta awa 12.

Kayan haɗin ba duka ne ƙirƙira ba, kuma wannan na daga cikin abin da ke burge ni da marubuciyar. Akwai garin saiwar asphodel, wani tsiro mai farin fure da ke fitowa a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, wanda Girkawan dauri suke dangantawa da makomar matattu. Akwai jiƙon wani ganye mai ɗacin gaske, ɗan uwan tazargaden nan tamu ce da iyayenmu mata suka sani. Akwai saiwar valerian, wadda har gobe ana sayar da ita a Turai a matsayin mai taimaka wa barci. Sai kuma wani wake na almara, shi kam babu shi a kasuwar kowa, wanda ruwan cikinsa ake buƙata.

To a nan gizo ke saƙar. Harry bai zo da littafi ba, don bai zaci zai ci gaba da darasin ba, sai aka ba shi wani tsoho daga cikin kabad. Da ya buɗe sai ya tarar wani tsohon ɗalibi ya cika gefen shafukan da rubutun hannu, yana gyara wa mawallafin. Littafi ya ce a yanka waken, rubutun gefe ya ce a danne shi da faɗin wuƙar azurfa, ruwan ya fi fita. Littafi ya ce a yi ta juyawa ta hagu, rubutun gefe ya ce bayan kowane juyi bakwai a yi ɗaya ta dama. Harry ya bi na gefe. Tsimin da ya fara da duhu irin na nunanniyar ɗinya ya riƙa washewa yana yin haske, na Hermione kuwa ya cije a shunayya. A fim ɗin har an ƙara gishiri: wake na tsalle yana kufce wa yara, tukunyar Seamus ta yi bindiga kamar yadda ya saba, gashin Hermione ya tashi buzu-buzu, sannan Slughorn ya jefa ganye a tukunyar Harry, ganyen ya ƙone nan take.

Na fara kallon wannan fim ne a faifan sidi, a tsakar gidanmu, wajen 2010, tare da ƙannena da kuma Goggo, yayar mahaifinmu. Goggo ungozoma ce, kuma rabin unguwarmu a hannunta aka haife su. Ɗakinta kullum cikin ƙanshin saiwoyi yake: ga sabara, ga marke, ga jar kanwa a ƙulle cikin tsumma, ga tukunyar ƙasa da ba mai taɓa ta sai ita. Ba ta jin Turanci, ba ta kuma damu da fim ba, amma ranar da ta hango yara sun kewaye tukwane hayaƙi na tashi, sai ta jawo kujerarta ta ce, "Kai, zo ka faɗa mini abin da waɗannan 'ya'yan Nasara suke dafawa."

Na zauna ina yi mata fassara. Da aka zo wajen danne wake sai ta gyaɗa kai ta ce mai wannan rubutu ya san hannu, ai ko citta in ka daka ta ta fi ba da ruwa a kan ka yanka. Da aka miƙa wa Harry kyautarsa yara suka yi shewa, ita kuwa ta yi shiru tana jira. Da ta ga an wuce wani wurin sai ta taɓo ni.

"To, ina makarin?"

Na ce, "Wane makari, Goggo?"

Ta ce, "Au, malamin ya koya musu kwantar da mutum, bai koya musu tashinsa ba? Ɗan nan, wanda ya iya ɗauri bai iya kwancewa ba ai bai gama koyo ba. Ni uwar ɗakina sai da na shekara ina koyon abin da ke karya magani kafin ta bar ni na jiƙa wa wani ko da kanwa."

Muka yi mata dariya, muka ce fim ne kawai. Ta ɗauki kujerarta ta koma ɗaki. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Sai daga baya, da na koma na bi littattafan a tsanake, na gane ashe tambayar Goggo ita ce ƙashin bayan labarin gaba ɗaya. Duba littafi na farko, na 1997. A ranar da Farfesa Snape ya fara haɗuwa da Harry a aji, tambayoyi uku ya jefa masa don ya kunyata shi. Ta farko a kan wannan tsimin barci ce. Ta biyu kuwa a kan bezoar ce, wani dutse da ake samu a tumbin akuya, wanda a duniyar labarin yake karya yawancin guba. Ka ga ke nan mugun malamin nan da yara suka tsana, wanda marigayi Alan Rickman ya fito a matsayinsa, bai ambaci dafi ba sai da ya haɗa da makari. Shi dutsen akwai shi da gaske, sunan ma daga Farisanci ya samo asali, ma'anarsa makarin guba, sai dai likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa ba ya wannan aiki a zahiri. Amma a littafi na shida, shi Harry ya cusa wa amininsa Ron a baki ranar da ya sha guba a ofishin Slughorn, ya ceci ransa.

Sannan ka tuna inda rubutun gefen ya kai Harry a ƙarshe. Tun da ya ci gasa ya sakankance da littafin, komai ya gani a ciki sai ya gwada. Wata rana faɗa ya haɗa shi da Draco Malfoy a banɗaki, sai ya jefa masa wata kalmar tsafi da ya tsinta a gefen shafi, bai san aikinta ba. Nan take jikin yaron ya tsattsage kamar an sassare shi da takobi, jini ya malale ƙasa. Harry ya tsaya yana rawar jiki, ba abin da ya iya. Wa ya zo ya rufe raunukan? Snape. Shi ne mai littafin tun asali, shi ya ƙirƙiri kalmar, shi ya san makarinta. Harry aron hannu kawai ya yi, bai ari sanin ba.

Ba Rowling ce ta fara wannan gargaɗi ba. A wasan Romeo and Juliet na Shakespeare, wani malamin coci ya ba Juliet maganin da zai kwantar da ita kamar matacciya na awa 42. Maganin bai yi kuskure ba ko kaɗan. Wasiƙar da za ta sanar da Romeo gaskiyar lamarin ce ba ta isa ba, domin an tsare ɗan aiken saboda annoba. Ya zo ya tarar da ita a kwance, ya ɗauka ta mutu, ya sha guba. Kwantarwar ta yi daidai, shirin tashin ne ya rushe, rayuka biyu suka salwanta.

Yanzu bari in zo kaina, ko da yake abin da kunya. Bayan rasuwar Goggo da 'yan shekaru, kasuwa ta juya mini baya, bashi ya taru a kaina. Barci ya ƙaurace wa idona. In kwanta in yi ta lissafi har a kira assalatu. An ce barci ɓarawo ne, to ni har roƙonsa nake ya zo ya sace ni, ya ƙi. Na yi kusan wata biyu a haka, na rame, na zama mai faɗa da iyali a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai wani abokina ya ce kwantar da hankalinka, akwai wani mai kemis da ya sani. Aka kawo mini wasu ƙwayoyi a nannaɗe cikin takarda, babu kwali, babu suna. Mai kemis ya faɗi yadda za a sha. Abokina kuma ya ƙara nasa: wai shi ya gwada, in aka ƙara a kan abin da aka ce, aka kuma kora da wani maganin tari, abin ya fi kamawa. Ka ji rubutun gefe ko? Ni da na karanta littafin nan ya fi sau uku, ban gane shi ba da ya zo mini a bakin aboki.

Na sha bayan sallar isha'i ranar wata Alhamis. Abin da na sani bayan nan shi ne farin silin na asibiti da roba a hannuna, ana kiran la'asar ɗin Juma'a. Asuba ta wuce ni, Juma'a ta wuce ni. Maiɗakina ta ce ta tashe ni har ta gaji, ta yayyafa mini ruwa, ta ɗaga hannuna ya faɗi yaraf, numfashina kuma sai an kasa kunne. Ihunta ne ya tara maƙwabta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ƙanina ya faɗa mini daga baya. Ya ce tambayar farko da likita ya yi ita ce, "Me ya sha?" Duk suka tsaya kallon juna. Takardar da aka naɗo ƙwayar kawai aka samu a aljihuna. Likitan ya ce wasu magungunan suna da abin da ke karya su, amma ta yaya zai karya abin da bai san sunansa ba? Da na ji haka sai muryar Goggo ta dawo mini tar, kamar tana zaune a bakin gadon. Na juya fuskata bango na yi kuka.

Hausawa suka ce barci ƙanin mutuwa ne, kuma tazarar da ke tsakanin wa da ƙanin ba ta wuce awo ba. Ka tuna Michael Jackson. Ya rasu ranar 25 ga Yunin 2009, makonni kaɗan kafin fitowar wannan fim da muke magana, kuma barci yake nema. Maganin da ake sa wa masu tiyata aka riƙa ba shi a ɗakin kwanansa, har kotu ta samu likitansa da laifi a 2011. Maganin nan kullum ana amfani da shi a asibitocin duniya lafiya lau, domin akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan: ya tsaya a kanka yana lura da numfashinka har ka farka. A nan gida ma mun ga yadda maganin tari mai kodin ya yi wa samari da matan aure illa, har gwamnatin Nijeriya ta hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018. Ba duk wanda ya faɗa ciki ne ɗan iska ba. Wani damuwa ce ta hana shi runtsawa, kamar ni.

Shi ya sa nake da ƙorafi a kanmu marubuta da 'yan fim. Sau nawa ka karanta ko ka kalli inda kishiya ta barbaɗa hoda a lemo, ko aka shaƙa wa yarinya hankici, ta sulale, sannan bayan an gama abin da za a yi ta farka garau tana miƙa kamar wadda ta yi ƙailula? Mun mayar da maganin barci kamar makunnin fitila, a kashe a kunna. Yaro na kallo, yana ɗauka haka abin yake. Ban ce a daina rubuta boka da tsimi da hatsabibanci ba, ni ma su nake so, da su aka rene mu tun daga tatsuniya. Amma in ka sa wa tauraronka kwalba a hannu, ka nuna mana wanda ya san makarinta, ka kuma nuna abin da ke biyo baya in babu shi. Labarin ma sai ya fi daɗi, domin a nan fargabar take.

Ni dai barcina ya dawo a hankali, ba da ƙwaya ba. Likita ya saurare ni, na zauna da masu bin na bashi muka yi magana ta gaskiya, na rage shayin dare, na koma ga addu'o'in kwanciya da na yi sakaci da su. Kai kuma mai karatu, in dare yana yi maka tsawo, ka je wurin wanda ya san ɗauri ya san kwancewa. Kada ka karɓi abin da ba shi da suna, ko daga hannun wa ya fito.

Kwanan baya 'yata ta ɗauko fim ɗin muka kalla tare. Da Slughorn ya miƙa wa Harry 'yar kwalbar, ta yi tsalle tana tafi. Na tsayar da faifan na ce, "Uwata, malamin nan ya manta da abu ɗaya. Mene ne?" Ta yi tunani ta ce ba ta sani ba. Na ce ta matso in ba ta labarin wata tsohuwa mai tukunyar ƙasa.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya sa kabarinta ya zama wurin hutu. Mu kuma Ya ba mu barci mai daɗi da farkawa cikin lafiya, amin.