Tankin Fijon Baba: a shafe cikinsa ko a bar shi?

Duk wanda ya san gidanmu a Mokolo ya san a-kori-kurar marigayi Baba, Peugeot 504 ɗin nan da muke kira Fijo. Tun 1968 aka fara ƙera irinta a Faransa, amma tamu haɗin Kaduna ce, inda aka fara haɗa Fijo a 1975. Baba ya sayo ta a Mubi ina ɗan firamare. Da ita ya yi fataucin albasa da gyaɗa tsakanin Mokolo, Marwa da Garwa, da ita aka kai kayan ɗakin 'yan uwana mata, kuma a bayanta muka kwantar da shi muka kai shi asibiti a jinyarsa ta ƙarshe. Da aka yi rabon gado ta faɗo hannuna.

Injinta bai taɓa ba ni kunya ba. Tanki ne ya so ya raba ni da ita.

Mu nan arewacin Kamaru kowa ya san man da muke sha: zuwa-zuwa, fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya a jarkoki, a sayar a kwalabe a bakin hanya. Kafin ya iso tankinka ya bi jarka nawa, ya sha ƙura, wani lokaci har da ruwa. Ruwa kuwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki yana cin ƙarfe a hankali. Sannan daga ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, zuwa-zuwa ya yi tsada. Ni da nake cika tanki sai na koma zuba lita biyar, lita bakwai. Ban san cewa wannan tsimin ma yana ƙara ɓarna ba. Tankin da ba ya cika iska ce ke cika shi, iskar damina kuma da laima take zuwa. Da rana ƙarfen ya yi zafi, da dare sanyin duwatsun Mandara ya sauka, sai raɓa ta taru a bangon ciki. Tsatsa ba ta neman abin da ya fi haka.

Sai mota ta fara shiƙa. Ana tafiya ta yi kamar an shaƙe ta, a tsaya, a kwance kafireta, a hure, a ga jan gari kamar garin barkono. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa.

Wani matashin makanike ya ce akwai maganin dindindin: ruwan roba da ake kira efoksi, gwangwani biyu ake haɗawa, a zuba cikin tanki a jujjuya, ya bushe ya zama kamar sabon bango. Na yarda. Ya sauke tankin da hantsi, ya ɗauraye da fetur, ya zuba robar, kafin magariba ya mayar. Na biya ina murna.

Wata uku na samu lafiya. Ranar da abin ya tashi, daga Koza muke da lodin albasa, ni da babban ɗana. Wanda ya san hawan nan na Jingiliya ya san ba wurin mutuwar mota ba ne, balle rana ta kusa faɗuwa, a shekarun nan da kowa ke so magariba ta same shi a gida. A tsakiyar hawan ta mutu murus. Yaron ya yi tsalle ya sa dutse a taya. Na hure kafireta, babu komai. Na cire tiyon mai, ko ɗigo. Wallahi ba albasar nake tunani ba a lokacin, fuskar uwarsa nake gani. Allah ya kawo wani mai babur, ya sayo mana mai a jarka, muka ɗaure ta a saman mota, muka jawo tiyo kai tsaye zuwa kafireta. Haka muka lallaɓa gida, ina ƙamshin fetur, ina addu'a kada wuta ta tashi. Ban ba kowa shawarar ya gwada wannan ba.

Da aka sauke tankin, sai ga robar ta ɓare falle-falle kamar saɓar maciji, ta toshe bakin bututun da ke jan mai. A ƙarƙashinta tsatsar na nan, ta ma ƙaru. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Yayana ya ce, "Ka sayar wa masu gwangwan ka huta. Yau ka tsira da yaro, gobe fa?" Ban iya ba shi amsa ba, don gaskiya ya faɗa. Inna ba ta ce komai ba, sai washegari na gan ta tana kore awaki daga inuwar motar.

Na sami wani tankin na hannu a Garwa, sai tambayar ta dawo: a shafe cikinsa tun kafin a ɗaura, ko a bar shi? Na kai wa wani tsohon makanike da ya yi wa Baba aiki shekara da shekaru. Ya cire geji, ya haska ciki da tocila, ya ƙwanƙwasa gindin da sifana, ya cika shi da ruwa ya duba ko zai yi yoyo.

Na ce, "Baffa, robar ce ba ta da kyau?"

Ya ce, "Ɗana, robar ba ta da laifi. Ba ta kashe tsatsa, rufe ta take yi. In ka shafa a kan tsatsa da maiƙo, me za ta kama?"

Ya bayyana mini yadda aikin yake in za a yi shi da gaske. A wanke maiƙo da ruwan zafi da omo. A zuba tsakuwa ko tsofaffin notina a girgiza har tsatsar ta saki. A bi da ruwan acid mai cin tsatsa, a ɗauraye, a busar har babu laima ko a lungu. Sannan a zuba robar, a juya ta ko'ina, a tsiyaye ragowar, a hure bututun mai da na iska don kada su toshe, a bar shi kwanaki kafin ya ga fetur. Aikin mako guda ne, ba na yini ba. Kuma in ta ɓare, fitar da ita ya fi fitar da tsatsar wuya.

Hukuncinsa a taƙaice: tankin da ya fara ƙananan huji kamar na allura, kuma ba a sami madadinsa ba, shi ya cancanci roba. Wanda ya ruɓe, a jefar. Wanda tsatsarsa ta sama-sama ce, ƙarfensa da ƙwari, a wanke a bar shi. Ya ja kunnena kan abu guda: kada in bar kowa ya kai masa wutar walda don an ce an juye man. Tururin fetur da ya rage a tankin da babu mai shi ne ke fashewa.

Nawa wanke shi aka yi, ba a shafa komai ba. Abin da ya canza halina ne. Na sa ƙaramar filta mai haske a kan tiyo, ina ganin dattin da idona, in ta yi ja in canza. Ba na zuba man kwalba sai da ƙyalle a bakin mazurari, kuma ba na yarda a juye mini ƙarshen jarka. Da damina ina ƙoƙarin kada mai ya sauka ƙasa da rabi, ko da zan rage sarin wannan makon. Man da za ka ƙona ɗaya ne, ka dai ajiye shi a tanki ne maimakon aljihu.

Damina biyu ke nan ba ta shiƙa ba. Yayana har yanzu yana nan a kan bakansa, kuma ban ce ya yi kuskure ba: ba na ƙara hawan Jingiliya bayan la'asar, ba na kuma ɗaukar yaron in hanya ta yi nisa. Amma ran Laraba, ranar kasuwar Mokolo, in ka ga tsohuwar Fijo a layin 'yan albasa, ta Baba ce. Ka leƙo mu gaisa, in nuna maka filtar.