Aji, Ofis da Kotu

Mu da muka karanta kimiyyar kwamfuta muna da wata nasiha da muke yi wa junanmu: ka zaɓi fanni ɗaya ka ƙware a kai, aikin gwamnati kuwa ka bar wa masu haƙuri. Koyarwa a jami'a ma ba ta cikin lissafi, ganin yajin aiki da ƙarancin albashi. Nasihar ta ciyar da mu, ba mu raina ta ba. Sai dai yanzu da muka haura talatin muna rubuta manhaja, tarihin wani lauya ɗan Legas ya nuna mana wata irin rayuwar aiki da ba a cika ba mu labarinta ba.

An haifi Taslim Olawale Elias a 1914. Ya yi aiki a ofishin babban akanta na hukumar jiragen ƙasa kafin ya tafi Ingila, inda ya samu digirin digirgir a fannin shari'a daga Jami'ar Landan a 1949. A 1960 ya zama Antoni-Janar kuma Ministan Shari'a na Najeriya mai 'yanci. Daga 1966 ya haɗa wannan kujera da aikin farfesa da shugabancin tsangayar shari'a a Jami'ar Legas, har zuwa 1972 da aka naɗa shi Alƙalin Alƙalan ƙasa. A 1976 ya koma Kotun Duniya, ya shugabance ta daga 1982 zuwa 1985, shi ne ɗan Afirka na farko da ya hau wannan kujera.

Jerin muƙaman ba shi ya fi jan hankalinmu ba. A sana'armu mun san abin da ke faruwa idan mai rubuta manhaja bai taɓa zama da mai amfani da ita ba. Za ta yi kyau a kwamfutarsa, amma da zarar ta shiga wayar mai shago a Kantin Kwari, ga ƙarancin data ga rashin caji, sai ta tsaya cak. Doka ma haka take. A ofis ake tsara ta, a kotu ake gwada ta, a aji kuma ɗalibi mai taurin kai ke tambayar dalilinta. Elias ya zauna a ɗakunan uku, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Littafinsa na 1956, The Nature of African Customary Law, ya ƙara mana wani darasi. A lokacin akwai masanan Turawa da ke ganin al'adun shari'a na Afirka ba su kai a kira su doka ba. Shi kuwa ya zauna ya nazarce su, ya nuna cewa tsari ne mai ƙa'idoji da hukunci. Duk wanda ya taɓa gadon tsohuwar manhaja a wurin aiki ya san wannan ladabin: kafin ka ce za ka rushe ka sake, karanta abin da ka tarar, ka gane matsalar da yake warwarewa.

Hanyar tana da ƙaya. Elias ya yi wa gwamnatin farar hula aiki, ya yi wa ta soja, ciki har da shekarun yaƙin basasa, kuma a 1975 gwamnatin Janar Murtala ta sauke shi daga kujerar Alƙalin Alƙalai. Wanda ya shiga gwamnati sunansa na haɗuwa da na waɗanda ya yi wa aiki, ko ya so ko ya ƙi. Wannan tsoron ne ke hana da yawa daga cikinmu kusantar ma'aikata, kuma tsoro ne mai dalili.

Amma nisantar ma tana da farashi. An dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu sana'a ta intanet suka ji a jikinsu. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya kai 'yan jarida da masu rubutu a Facebook gaban kotu kafin a yi masa gyara a 2024. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 yanzu ita ke faɗa mana yadda za mu adana lambar waya da adireshin kowane mai amfani da manhajarmu. Waɗannan dokoki sun shigo mana har kan tebur, kuma kaɗan ne daga cikinmu suka karanta su tun suna ƙudiri.

Ba kowa zai zama Elias ba, ba ma sai an zama ba. Cikinmu akwai mai iya ɗaukar zangon karatu ɗaya yana koyarwa a jami'ar garinsu, akwai mai iya rubuta takardar shawara ranar da majalisa ta kira jin ra'ayin jama'a, akwai mai iya ba wata hukuma shekara uku na ƙuruciyarsa sannan ya dawo sana'a. Ƙannenmu da ke aji ɗaya yanzu za su rayu ƙarƙashin dokokin da ake tsarawa a yau, kuma wata rana za su tambaye mu inda muke lokacin da ake rubuta su.